Shin da Gaske An Toshe Mutane da Ransu a Lungun Ƙarƙashin Ƙasa na Edinbara?

"Assalamu alaikum Baba Malam. Ni ɗalibi ne daga Argungu. Yayana yana karatu a ƙasar Sikotland, ya turo mini hoton ƙofar wani wuri a birnin Edinbara da ake kira lungun Mary King, ya ce unguwa ce sukutum a ƙarƙashin ƙasa. Abokansa sun gaya masa wai lokacin wata annoba hukuma ta toshe bakin lungun da bulo, ɗaruruwan mutane suka mutu a ciki, kuma har yau fatalwarsu tana yawo, ciki har da ta wata yarinya da ake kai wa 'yar tsana. Shin wannan tarihi ne ko tatsuniya? Idan tatsuniya ce, me ya sa masu shiga suke rantsuwa sun ji wani abu? Yana son shiga, amma yana ɗar-ɗar."

Wa'alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi maka albarka, ya kuma dawo da yayanka gida lafiya da ilimi mai amfani. Idan na fahimce ka, abubuwa uku kake son a warware maka: yadda aka yi unguwa ta koma ƙarƙashin ƙasa, gaskiyar abin da aka yi wa mazaunanta lokacin annoba, da kuma tushen labarin fatalwar da ake dangantawa da wurin. Na shafe shekaru da dama ina koyar da tarihi a Birnin Kebbi, ina kuma bin tsofaffi don tattara abin da suka riƙe game da kufayen ƙasarmu, sannan Allah ya nufe ni da shiga wannan lungu sau ɗaya lokacin da na je wani gajeren kwas a can. Amsata a taƙaice ita ce lungun yana nan, annobar ta faru kuma ta yi ɓarna mai tsanani, amma maganar toshe mutane da ransu ba ta cikin rubutattun bayanan birnin, abin da ke cikinsu ma akasin haka yake nunawa.

Yadda sararin sama ya rufe a kan lungu

Kai ɗan Argungu ne, ba sai an kwatanta maka ƙayar giwan ruwa ba bayan an cinye tsokar. Haka tsohon birnin Edinbara yake idan aka dube shi daga sama. Ƙashin bayan shi ne babban gwadaben da ya gangaro daga ganuwar da ke kan dutse zuwa fadar Holyrood, tsawon mil guda da ɗoriya, a kan doron tudu. Ƙayoyin kuwa su ne ƙananan lunguna masu yawa da suka fita dama da hagu suna gangarawa kwari. Lungun Mary King ɗaya ne daga cikinsu, ya fuskanci arewa, gangarensa kuma mai tsini ne ƙwarai, ya dire a bakin wani tafki da ake kira Nor Loch, wanda mutanen birnin suka tare ruwansa a ƙarni na 15 don ya zame musu kariya daga abokan gaba.

Bayan kashin da Sikotland ta sha a hannun Ingila a yaƙin Flodden na shekarar 1513, sai mutanen Edinbara suka ƙara kewaye kansu da ganuwa. Jama'a na ƙaruwa, fili ba ya ƙaruwa, kuma ba mai son ya gina gida a bayan ganuwa, saboda haka sai gini ya miƙe sama. A wannan lungu, wanda faɗinsa bai wuce taku biyu zuwa uku ba, an yi benaye masu hawa bakwai har takwas suna fuskantar juna, rana ba ta isa ƙasa sai kaɗan. Masu hali suna sama inda iska take, talaka yana ƙasa. Babu salga, babu magudanar ruwa ta kirki, don haka idan dare ya yi sai kowane gida ya watso abin da ya tara a fo ta taga ko ta ƙofa, bayan an yi kiran wata kalma mai asali daga Faransanci da ke nufin a yi hattara da ruwa. Ƙazantar takan bi gangare ta wuce ta ƙofar talakawa ta faɗa tafkin, wanda a hankali ya zama ƙaton kududdufi mai ɗoyi. Har shanu an ajiye a wani ɗaki na cikin wannan unguwa, kuma ana nuna wa baƙi wurin har yanzu.

Ita Mary King da lungun ya ci sunanta mace ce 'yar kasuwa, mai ɗinki da sayar da yadi, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya, ta zauna a wurin a shekarun 1630. Ba kasafai ake sa wa lungu sunan mace ba a wancan zamani, abin da ke nuna ta yi suna a cikin jama'arta. Ka riƙe wannan: ta rasu a shekarar 1644, kafin babbar annobar ta afka wa birnin. Duk wanda ya ce maka tana cikin waɗanda aka toshe, to lissafin shekaru kaɗai ya isa ya ƙaryata shi.

Rufewar lungun kuwa sai da aka yi fiye da shekara ɗari bayan annobar kafin ta faru, kuma dalilinta kasuwanci ne. A shekarar 1753 aka aza harsashin wani katafaren gini da aka yi niyyar ya zama matattarar attajirai, aka kammala shi wajen 1761. Da yake wurin gangare ne, magina sun ga cewa cike kwarin da ƙasa zai ci kuɗi da lokaci, sai suka sare benayen da ke saman lungun daidai da tsayin babban gwadabe, suka bar hawan ƙasa a matsayin ginshiƙai, suka ɗora sabon ginin a kai. A shekarar 1811 majalisar birnin ta mayar da ginin mazauninta, kuma har yau nan take. Ka ga ke nan ba rami aka haƙa ba. Titi ne da a da ruwan sama ke sauka a kansa, aka yi masa rufi da gidan hukuma. Sashen ƙasa ma ya ci gaba da zama a buɗe mutane suna harkokinsu, har sai da aka yanka wani sabon titi mai suna Cockburn a tsakiyar ƙarni na 19 ya cinye shi. Wanda aka sani a matsayin mazauni na ƙarshe, wani maƙerin zarto mai suna Andrew Chesney, bai bar wurin ba sai a shekarar 1902.

Abin da ya faru a shekarar 1645

A nan ne nake son ka dakata, domin a nan duhun tarihin yake na haƙiƙa. Shekarar 1645 lokacin yaƙin basasa ne a tsibirin Birtaniya, sojoji suna kai da komo, kuma masana da yawa suna danganta shigowar cutar da rundunar da ta dawo daga Newcastle a arewacin Ingila. Cutar takan fara da zazzaɓi mai zafi, sai kaluluwa ta fito a matsematsi ko hammata ko wuya, ta kumbura ta yi baƙi, a cikin 'yan kwanaki mutum ya cika. Majalisar dokokin ƙasar ta gudu zuwa Stirling daga nan zuwa Perth, jami'ar birnin ta koma Linlithgow, garin Leith da ke bakin teku kusa da Edinbara ya rasa kusan rabin mutanensa. Masu hali sun fice ƙauye. Wanda ya rage a lunguna shi ne wanda ba shi da inda zai je.

Ba wanda ya san musabbabin cutar a lokacin. Sun ɗauka gurɓatacciyar iska ce ke kawo ta. Sai a shekarar 1894 wani likita mai suna Alexandre Yersin ya gano ƙwayar cutar a Hongkon, bayan shekara huɗu kuma aka tabbatar cewa ƙuma ce ke ɗauko ta daga jikin ɓera ta kai wa mutum. Idan ka haɗa wannan da hoton da na zana maka na cunkoso, da juji a ƙofar gida, da dabbobi a ƙarƙashin ɗakin kwana, za ka fahimci dalilin da ya sa lunguna irin wannan suka zama maƙabarta.

To me hukuma ta yi? Abin da bayanan majalisar birnin suka nuna shi ne killacewa. Gidan da cutar ta shiga sai a rataya farin ƙyalle a tagarsa, a hana mutanen gidan fita, a riƙa kawo musu abinci da gawayin ƙonawa har ƙofa. Wasu kuma a kwashe su zuwa bukkokin da aka kakkafa a filin bayan ganuwa. Akwai ma'aikata na musamman masu kwashe gawa da turara gidaje da hayaƙi. An kuma naɗa likitan annoba. Na farko, John Paulitious, cutar ta kashe shi a watan Yunin shekarar, sai aka naɗa George Rae, wanda ya riƙa shiga gida-gida cikin doguwar rigar fata da wani abin rufe fuska mai dogon baki kamar na tsuntsu, cike da ganyayyaki masu ƙamshi. Shi a ganinsa iska yake tarewa, ashe fatar ce ke hana ƙuma cizonsa, kuma da ikon Allah ya tsira. Maganinsa kusan abin da wanzamanmu ke kira sakiya ne: ya huda kaluluwar, ya matse mugunyar, ya ƙone bakin da jan ƙarfe. An yi masa alkawarin lada mai tsoka saboda ba a zaci zai rayu ba, da ya rayu sai ya shafe shekaru yana bin majalisa bashin haƙƙinsa.

Hukumar da ke aika burodi da likita zuwa ƙofar mara lafiya ba ita ce za ta gine bakin lungunsa da bulo ba. Kuma lungun da aka ce an mayar da shi kabari, mun ga mutane sun ci gaba da zama da sana'a a cikinsa shekara fiye da 250 bayan haka. Ina kyautata zaton labarin ya samo asali ne daga haɗuwar gaskiya biyu da ba su da alaƙa: an kulle marasa lafiya a gidajensu a 1645, an kuma rufe saman lungun a 1753. Baki ya ɗauki biyun ya ƙulla su wuri ɗaya, ya shafe shekara ɗari da takwas da ke tsakaninsu. Wannan abu na sha ganinsa a aikina a nan gida, inda tsoho zai ba ka labarin yaƙi biyu da ke da tazarar kakanni uku a matsayin yaƙi guda, ba don yana son ya yi ƙarya ba, sai don haka ƙwaƙwalwar jama'a take taƙaita zamani.

Ba ina wanke killacewar ba ne daga zafi. A kulle lafiyayye da mara lafiya a ɗaki guda mai cike da ƙuma, babu shakka ya jawo mutuwar waɗanda da sun tsira. Amma asalin hana fita daga wurin annoba ba baƙon abu ba ne gare mu, domin hadisi ingantacce ya zo a Bukhari da Muslim cewa idan aka ji annoba a wata ƙasa kada a shige ta, wanda kuma ta same shi a ciki kada ya fita don gudunta, kuma a kan wannan ne Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham. Abin da ke ɓata mini rai da tatsuniyar toshewa shi ne ta binne sunan waɗanda suka sayar da ransu suna jinyar maƙwabtansu, ta maye gurbinsu da mugunta da ba a aikata ba.

Daga ina fatalwar ta fito?

Labarin fatalwa a wannan lungu ya girmi rufinsa. A shekarar 1685 wani malami da ya taɓa koyarwa a jami'ar Glasgow mai suna George Sinclair ya buga littafin da ya tara labaran mayu da iskoki, da nufin ya kafa hujja a kan masu musun gaibu. A ciki ya kawo labarin wani lauya, Thomas Coltheart, da matarsa, waɗanda suka tare a wani gida a lungun, suka ce sun ga kan wani tsoho mai furfurar gemu yana lilo a iska ba gangar jiki, daga baya suka ga siffar yaro, da wani hannu yana miƙowa kamar mai neman gaisuwa, da wasu dabbobi suna rawa a ɗaki. Idan ɗalibina ya kawo mini irin wannan ruwaya, tambayoyi uku nake sa shi ya yi: wa ya faɗa, yaushe ya faɗa, me kuma yake nema da faɗar. A nan mai faɗar yana neman abin da zai tabbatar da da'awarsa ne, ba shi ya gani da idonsa ba, kuma ya rubuta ne shekara arba'in bayan annobar, a zamanin da zargin maita ya yi kamari a Sikotland har aka tuhumi mutum kusan 4,000 tsakanin dokar 1563 da soke ta a 1736. Jama'ar da ke cikin wannan yanayi, ga gidajen da suka san iyalai sun ƙare a cikinsu, ba ta buƙatar a roƙe ta kafin ta ga wani abu a cikin duhu.

Yarinyar da ka ambata kuwa labarinta sabo ne fil. A shekarar 1992 wata mata 'yar Japan mai da'awar ganin ɓoye, Aiko Gibo, ta zo wurin tare da masu ɗaukar shirin talabijin. Ta ce a wani ƙaramin ɗaki ta ji wata yarinya mai suna Annie ta riƙe ta, tana kuka iyayenta sun bar ta lokacin annoba kuma ta rasa 'yar tsanarta. Matar ta fita ta sayo 'yar tsana ta ajiye a ɗakin. Tun daga nan baƙi suka ɗauki al'adar, har kayan wasa suka yi tsibi, kuɗin da ake ajiyewa kuma ana ba da shi ga masu kula da yara marasa lafiya. Duk labarin Annie a kan maganar wannan mata ɗaya ya tsaya. A shekarar 2003 aka buɗe wurin ga masu yawon buɗe ido da tikiti, 'yan jagora suna sanye da tufafin mutanen da, kuma kowa ya san abin tsoro ya fi jawo mai saye a kan bayanin magudanar ruwa. Don in yi adalci, ɗan jagoran da ya zagaya da mu da bakinsa ya ce maganar toshewa ba ta da tushe.

Na tsaya a gaban tsibin 'yan tsanan nan, kuma ba zan ɓoye maka ba, idona ya kawo ruwa. Ko babu wata Annie, yara da yawa sun mutu a irin waɗannan ɗakuna suna kiran uwar da ta riga su tafiya.

Me masu shiga suke ji?

Ba na ƙaryata wanda ya ce tsigar jikinsa ta tashi, domin ni ma tawa ta tashi. Wurin akwai sanyi da laima, haske kaɗan ne, rufin ɗakunan yana kusa da kai, ƙasan gangare ne da ke rikita taku, ga warin tsohon gini, ga rugugin motoci da ke ratsowa daga sama ba ka san daga inda yake ba. An kuma cika maka kunne da labari tun kana bakin ƙofa. A shekarar 2001 wani masanin halayyar ɗan Adam, Richard Wiseman, ya yi gwaji a wasu ɗakunan ƙarƙashin gadar South Bridge a wannan birni, inda ya riƙa sa mutane ɗaya-ɗaya a ɗakuna daban-daban, sannan ya tambaye su abin da suka ji. Ya gano cewa ɗakunan da aka fi yi wa shaidar fatalwa su ne aka fi jin wani abu a cikinsu, ko ga wanda bai san labarinsu ba, kuma hakan yana tafiya tare da abubuwan da ake iya aunawa, kamar girman ɗaki da yanayin haskensa. Wani injiniya kuma, Vic Tandy, ya nuna a 1998 cewa ƙara mai zurfin da kunne ba ya kamawa tana iya sa mutum faɗuwar gaba da ganin gilmawa a gefen ido. Game da mutanen da can, wasu suna cewa iskar da ke tashi daga ruɓaɓɓen tafkin ce ke hawowa lungun ta juya musu kai. Wannan zance ne mai shiga hankali, amma zato ne, kuma ba zai yi bayanin abin da ake ji yau ba, tunda an janye ruwan tafkin tuntuni, wurin ya zama lambun shaƙatawa.

Akwai wani dalili da ni na fi ba shi nauyi, kuma a gida na koye shi. Na sha kai ɗalibai kufan Surame, birnin da Muhammadu Kanta ya gina a ƙarni na 16, wanda aka ƙaurace masa wajen farkon ƙarni na 18. Da rana tsaka, ga sarari ga iska, babu rufi babu duhu, amma da zarar an ratsa ganuwar duwatsun nan sai ka ji surutun yara ya ragu da kansa. A wani ƙauye kusa da wani kufai daban, wani dattijo ya taɓa gaya mini cewa yakan ji tambari cikin dare daga wajen tsohuwar fada, kuma ban ga alamar wasa a fuskarsa ba. Abin da na lura da shi a duk inda na je shi ne ba a cewa gari yana da iskoki sai bayan mutanensa sun tashi. Zuciyar ɗan Adam ba ta jure ganin murhu da bakin ƙofa da makwanci babu mai su, sai ta nemo wanda za ta zaunar a wurin. Lungun Mary King kufai ne da aka yi wa rufi, shi ya sa abin ya fi ƙarfi a cikinsa.

A nan iyakar fannina take. Tarihi yana auna takarda da gini da ruwayar baki, ba shi da ma'aunin gaibu. A matsayina na Musulmi na yi imani da samuwar aljanu domin Alƙur'ani ya tabbatar da su, don haka ba zan ce maka babu wata halitta a wani wuri ba. Amma abin da na koya a gaban malamaina shi ne wanda ya mutu ya shiga barzahu, kamar yadda ya zo a ƙarshen Suratul Mu'minun, ba ya dawowa yana yawo a lungu yana neman abin wasa. Idan kana son zurfin wannan mas'ala, ka zauna da malamin da ka amince da iliminsa a nan Argungu, ya fi ni cancantar yi maka bayani.

Shi kuwa yayanka, ka gaya masa in ji ni ya shiga, sai fa idan yana da ciwon da ƙuntataccen wuri ko hawa da sauka ke tayar masa. Zagayen bai wuce kamar awa guda ba, a ƙungiya ake yi tare da ɗan jagora. Ya yi addu'arsa kamar yadda zai yi a kowace tafiya, ya sa takalmi mai kama ƙasa saboda gangaren. Idan ya isa tsakiyar lungun, ya ɗaga kai ya dubi inda bangon tsofaffin gidajen ya yanke, ƙasan ginin majalisa ya hau kansa, domin a nan zai ga shekarar 1753 da idonsa. Sannan ya tambayi ɗan jagora ya nuna masa ƙofar gidan maƙerin zarton nan da ya zauna a wurin har 1902.